Ranar da Inna ta ƙi teku a Sawakin

Har in koma ga Allah ba zan manta da ƙarar ludayin surukata Inna ba, ranar da ya suɓuce mata ya bugi ƙwarya. Maigidana, mai tuƙa kamyo, wato babbar motar kaya, a nan Gaya, ya faɗa mata ke nan zai kai ta Makka. Lokacin Faransawa ba su tafi ba. Ni da 'yata ƙarama muka bi su.

Mun sha hanya kafin mu kai Sawakin, tsohuwar tashar da alhazai ke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Inna na ganin ruwa ta durƙusa ta kamfata, kamar yadda muke yi a bakin kogin Kwara. Ta furzar.

"Wa ya zuba wa kogin nan gishiri? Kuma ina ɗaya gaɓar?"

Aka ce ba a ganin ta. Ta zauna daɓas. "To ni nan na tsaya. Ruwan da ba shi da ƙetare ba na shigarsa."

Ɗanta ya yi lallashi har ya gaji, ga jirgi gobe. Ni kuwa na dai roƙe ta ta raka ni kallon gari.

Muka bi lungunan. Benaye ne na farin dutsen teku, wasu sun zube, kyanwoyi na kwance a kansu. Tagogin katako an sassaƙa su kamar ɗinkin hula. Muka yi azahar a jikin wani masallaci da ya girmi kakanninmu. Daga nan na ja ta zuwa matakalar da ke gangarawa cikin ruwa, duk tsakiyar dutsen ta lotsa.

"Inna, me ya cinye dutsen nan?"

Ta sunkuya ta shafa. "Ƙafa ce, 'yar nan."

"Ta alhazai ce. Ciki har da tsofaffi irinki."

Ta cire takalmi ta ɗora ƙafarta, ramin ya yi mata daidai. Sannan ta ce, "Gobe ki riƙe mini hannu. Kada ki saki."

Ban saki ba har Jidda. Tun daga nan na gane mai tsoro ba gardama yake so ba, so yake ya ga sawun waɗanda suka riga shi. Mutanen Gaya ɗanta suka yi ta yabo, ban damu ba. A cikin jirgi 'yata ta riga ta raɗa mini, "Mama, Baba ya kawo Kaka, amma ke kika ƙetarar da ita."