Faifan da ke Motar Baba Nyam

Duk ɗalibin da ya sauka Manchester daga Arewa a shekarun nan ya san motar Baba Nyam. Mutumin Jos ne, direban bas, mazaunin unguwar Old Trafford. Ranar hutunsa yakan je filin jirgi ya kwaso mu kyauta, bai taɓa tambayar wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci ba. Ni ma shi ya kai ni unguwar Ardwick da akwatina biyu.

Aibinsa ɗaya ne: faifan CD guda na wasu mawaƙan rock 'yan Wales, ganguna da jita kamar ana rushe gini. Mukan ce, "Baba, don Allah a rage." Sai ya ƙara. Wani Bature ɗan Wales ne ya ba shi, wanda ya koya masa tuƙin bas lokacin da sauran direbobi ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Baturen ya rasu, faifan ya zauna shekara ashirin da wani abu a mota.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, bakinsa ya rufe. Ɗansa Alfred, dattijon coci, ya ɗauke shi zuwa Small Heath a Birmingham. Likitar magana ta ce a riƙa sa masa waƙar da ya fi sabawa da ita, wataƙila harshe ya saki. Kowa ya san wace waƙa ce. Alfred ma ya sani.

Amma gidan kullum cike yake da 'yan dubiya, matan zumunta da kulolin abinci, ana waƙoƙin yabo. Alfred ya jefa faifan a durowa don kada a ce uban dattijo na jin kiɗan 'yan shaye-shaye. Wata takwas mutumin na zaune a kujera, ana yi masa sannu, yana kallon bango. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mutumin da ya ɗauki rabin mutanen ɗakin nan a motarsa, an hana shi abu ɗaya don kunyar baƙi.

Da na je dubiya na yi magana. Alfred ya ce, "Bilqis, please, ba a wannan gidan ba. Me mutane za su ce?"

Na ce, "To, Yaya, yau ni zan kai shi wurin GP, likitansa."

Matarsa Margaret ta cusa mini faifan a jaka. Bayan an gama da likita na tsayar da mota a gefen titi na kunna faifan. Waƙa ta farko, shiru. Ta biyu, yatsan Baba ya fara buga gwiwa. Ganguna suka yi yawa, na kai hannu na rage kamar yadda na saba roƙo.

Baba ya juyo da ƙyar ya harare ni. Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara har gilashi na rawa, ina kuka.

Yanzu yana haɗa kalma huɗu, biyar. Ran Lahadin da ta biyo bayan maganarsa ta farko, Alfred ya tashi a coci ya ba da shaida cewa addu'ar jama'a ta buɗe bakin mahaifinsa. Ban musa addu'a ba. Amma bai ambaci faifan ba, kuma har yau bai yarda an kunna shi a falo ba. Duk Asabar nake tuƙo mota daga Manchester, mu zauna a cikinta a bakin titi ni da Baba muna jin faifan, a ƙofar gidan ɗansa.