Inna Tasalla, Mai Naɗin Wayar Jita a Isa

In ta idar da sallar asuba ta sauke koko, Inna Tasalla takan jawo tsohon keken ɗinkinta zuwa bakin ƙofar ɗaki, inda haske ke fara sauka. Ba tufafi take ɗinkawa ba. Wani ɗan katako ta ɗaure a jikin wilin keken, a kansa take naɗa wayar tagulla siririya kamar gashin kai. Tana taka keken a hankali, wayar na bi ta tsakanin yatsunta biyu. In ta tsinke, aikin yini ya tashi a banza, sai a warware a faro. Shekara goma sha huɗu tana wannan aiki a cikin gidanta a garin Isa, kuma har bara ba wanda ya sani sai mijinta.

Abin da take naɗawa makaɗan jita na kiransa fikof. Ɗan maganaɗisu ne da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke ɗaukar motsinsu ya aika wa lasifika. In an yawaita masa naɗi, sauti ya fito da ƙarfi da kauri, ya daɗe bai mutu ba, sai dai yana iya cakuɗewa. In an rage, ya fito garau, amma ba ya rufa wa makaɗi asiri: abin da hannu ya bayar, shi za a ji.

Mijinta, Baba Malami, mai gyaran rediyo da fanka ne, zauren gidan shi ne shagonsa. Makaɗan biki daga Sabon Birni har tsallaken iyaka duk shi suke kawo wa jita, shi suke yabo. Ba su san hannunsa ya daɗe da fara rawa ba. Yakan sa mai jita ya ɗan buga, sannan ya ce a dawo jibi. Ita kuwa tana bayan bangon zaure ta kasa kunne.

Wata ranar kasuwa Abdurra'uf ya sauka daga babur da jitarsa a cikin buhu. Mutumin Burkusuma ne, da kiɗan biki yake ciyar da iyalinsa. Wata bakwai kafin nan 'yan bindiga sun tare hanya, harsashi ya same shi a damtsen dama. Rauni ya warke, ƙarfin hannu bai dawo ba. Shafi'u mai sayar da batir, wanda ya ba ni labarin, yana zaune a zauren tare da wasu dattawa biyu. Ya ce da Abdurra'uf ya jona jitar da lasifika ya buga, sai dukkansu suka sunkuyar da kai. Mutumin da kiɗansa ke tsayar da masu wucewa, ga shi sautinsa na fitowa ƙasa-ƙasa, yana mutuwa tun bai kai ƙofa ba.

"Baba, ba gyara na kawo ba," in ji shi. "Ka ba wanda ka ga ya dace jitar. Ni tawa ta ƙare."

Baba Malami ya jujjuya jitar, ya ce lafiyarta lau, Allah ya ƙara sauƙi. Har ya miƙa hannu zai jingine ta, sai aka ji muryar mace daga cikin gida.

"Malam, ka ce mishi shi sake bugawa."

Shafi'u ya ce shi dai ya zaci kunnensa ne. Abdurra'uf ya dubi maigidan, maigidan ya dubi ƙasa, sannan ya gyaɗa kai. Abdurra'uf ya sake bugawa. Bai gama ba sai ga Inna Tasalla ta fito lulluɓe da mayafi, ta tsuguna, ta sa yatsa a kan fikof ɗin.

"Wanga ni na naɗa shi, shekara shida da sunka wuce. Na rage mishi naɗi, don lokacin hannunka na da ƙarfi, kana son a ji kowace tsirkiya ita kaɗai. Ɗana, kiɗanka na nan, na ji shi yanzu. Hannu ne ya canza, jitar ba ta sani ba. Za ni ƙara mata naɗi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Abdurra'uf ya juyo ya dube ta. Da ƙyar ya ce, "Inna, ke? Duk shekarun ga, ke ce?"

Baba Malami ne ya amsa. Ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban jama'a, suna karkarwa kamar ganye.

"Ku duba da kyau. Rabon wanga hannu da waya tun kafin ka fara zuwa nan. Kunya ta hana ni faɗi, ita kuma ta rufa min asiri. Duk yabon da kunka yi min, nata ne."

Shafi'u ya ce shekara ashirin yana zama a zauren nan, bai taɓa jin jikinsa ya yi sanyi kamar ranar ba.

Kwana uku ta yi a kan aikin. Ta ƙara naɗi, ta tsoma fikof ɗin a narkakken kakin zuma don kada ya riƙa ƙara. Da Abdurra'uf ya dawo ba ta ɓoye masa komai ba.

"Garau ɗin da ka saba ba za shi dawo duka ba, an yi musanye ne. Kuma kada ka ƙure lasifika, kuka za ta yi ma."

Ya zauna, ya taɓa tsirkiya ɗaya da ɗan abin da hannunsa ya iya. Sauti ya tashi ya cika zauren, ya tsaya, ya ƙi mutuwa. Shi kansa sai da ya zabura. Ya sake taɓawa, ya bi da wani tsohon kiɗansa, masu shigewa kasuwa suka fara tsayawa a ƙofa. Bai kai ƙarshe ba ya kifa goshi a kan jitar yana kuka. Sati biyu bayan haka ya yi kiɗan biki a Tsamaye.

Labari ya bazu. Wani makaɗi daga Sabon Birni ya zo ya ce shi ma irin na Abdurra'uf yake so, mai ƙarfin nan. Ta sa shi ya buga, ta girgiza kai.

"Kai da ke dukan tsirkiya kamar mai sussuka? In na ƙara ma, hayaniya za a ji, ba kiɗa ba."

Ta rage masa. Ya tafi yana gunaguni, bayan wata guda ya dawo da ƙwaryar goro.

Bana idonta ya fara hazo, ta ce za ta ajiye aikin. Maƙwabciyarta Safiyatu, wadda ta daɗe tana ɗinki, ita take koya wa yanzu.

Inna Tasalla, ke ce kika ji abin da masu zama a zaure suka kasa ji. Ke ce kika riƙe mutuncin mijinki shekara goma sha huɗu, ba ki taɓa cewa a ambaci sunanki ba. Ranar da kika ga shirunki zai raba bawan Allah da abincinsa, ranar kika yi magana. Gwanar da ba ta ba mutum abin da ya roƙa sai abin da ya dace da hannunsa, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki hasken ido, ya ba Baba Malami lafiya.

Masu sana'a, ku yi koyi da ita: ku saurari mutum kafin ku taɓa kayansa. Mu kuma sauran, mu bincika gidajenmu da unguwanninmu. Akwai irinta da yawa da muke cin moriyar aikinsu ba mu san sunansu ba. A nemo su, a gode musu tun suna ji.