Gidiyon da Laftof Mai Kati Biyu

Gidiyon mutumin Fankshin ne ta jihar Filato, amma a Sharada ƙuruciyarsa ta ƙare. Shi ke zana adon tabarmin roba a wata masana'anta, a ɗan ofis da ke saman ɗakin injina, inda ko gaisuwa sai da ɗaga murya. Waɗanda suka zo Kano tare da shi duk sun koma gida, wasu sun gangara Abuja. Shi ya tsaya, ba mata ba 'ya'ya, daga aiki sai ɗakinsa a Na'ibawa.

Laftof ɗin aikinsa mai katin hoto biyu ce, wato abin da ke fitar da hoto a sikirin: ƙarami na ayyukan yau da kullum, mai tattalin batir, da babba da ke farkawa idan zane ya yi nauyi. Ado ne ya zuba mata Linux, manhajar da ke tafiyar da ita. Shi ke kula da kwamfutocin masana'antar, ɗan wani ƙauye ne bayan Challawa, kuma bakinsa ba ya hutawa. Duk sanda aka sabunta kanel, wato zuciyar manhajar, sai babban katin ya yi yaji. Babban sikirin da aka haɗa mata a tebur ya yi baƙi ƙirin, zane na jan ƙafa, fanka na huci. Sai Ado ya hauro da kwanon ɗanwake, ya ja kujera, dama na ci hagu na danne-danne, yana tsokanar Gidiyon wai sanyin Filato ne ya daskarar masa da kai.

Gidiyon bai taɓa cewa a nuna masa ba. Maganar gaskiya, ba ya so ya iya. Da saƙon sabuntawa ya leƙo, jiki na rawa yake amsawa, don ya san abin zai lalace kuma Ado zai hauro. Ina namiji zai iya ce wa namiji zo ka taya ni zama? Sai dai ya ce na'ura ta ƙi.

Bara mota ta buge Ado a titin Zariya, ya rasu. Tun daga nan Gidiyon ya daina kula saƙon, har wata safiya garin sauri ya danna inda bai yi niyya ba, babban katin ya sake yin yaji. Ga shi ana jiran zanen tabarmin Sallah. Manaja ya ce in laftof ɗin ba ta tashi kafin Juma'a ba, a kai ta kasuwa a goge komai a zuba sabo. Gidiyon ba zanen yake ji ba, wannan yana da shi a ajiye. Komai na cikin na'urar hannun Ado ne, daga yadda aka jera abubuwa har koren rubutun da ya zaɓa.

Ya zauna lokacin hutun rana da waya a hannu, yana bin abin da wasu da bai sani ba suka rubuta a intanet. Gwajin farko ya ƙara dagula lamarin, har ƙaramin sikirin na jikin laftof ɗin ya ɗauke, gumi ya jiƙa masa riga. Da ƙyar ya gane matsalar: direban babban katin, manhajar da ke sarrafa shi, don tsohon kanel aka gina shi, sai an sake gina shi daidai da sabon. Ya rubuta umarnin harafi-harafi, ya kashe ya kunna. Hoto ya kawo. Ya waiwaya zai yi magana, ba kowa sai ƙarar injina daga ƙasa.

Ran Asabar ya hau Keke Napep zuwa ƙauyen su Ado, da sabulu da sukari a leda, kamar yadda ya saba tun rasuwar. Ya durƙusa ya gai da Inna, mahaifiyar marigayin, wadda ba ta kama sunansa don shi ne ɗan fari. Ya kwashe labarin kaf ya ba ta, har da kanel da direba. Ba abin da ta fahimta, amma ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Da abokin naka ne ke yi maka?"

"Shi ne, Inna. Kun san halinsa, ba ya bari in taɓa."

Ta yi murmushi, da nufin ta yaba masa.

"To madalla, ɗan nan. Ashe yanzu ko babu shi ka iya."

Gidiyon ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce mata da ma bai iya ba, sai hawaye.