Takardar da na rubuta wa Inna Hajjo

Har gobe ban manta da wata ranar Alhamis ba, a shekarata ta biyu da kama aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel. Lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya. Ƙa'idarmu, ni ke ganin marar lafiya, in abin ya fi ƙarfinmu in cika takardar tura shi gaba, shugabarmu Hajiya Asabe ta duba ta sa hannu.

Da hantsi wani makiyayi, Buba, ya kawo mahaifiyarsa Inna Hajjo, mai kimanin shekara hamsin. Shi ya yi bayani. Ba ta barci, tana kuka ba dalili, takan manta inda ta ajiye ƙwaryar nono, kuma ana tsananin sanyi sai ta yaye mayafi ta kwara wa kanta ruwa. An yi ruƙiya, an yi hayaƙi, shiru. A rugarsu har an fara janye jikoki daga jikinta.

Na yi mata tambayoyi tana amsawa da ka. Da na zo kan al'ada sai ta juya ta fuskanci bango, ko uffan. Ni kuwa, da rawar kan sabon shiga, na rubuta cewa ba ta amsa tambaya, na cika takardar asibitin masu taɓin hankali. Hajiya ta fita rigakafi, don haka na buga hatimi na miƙa wa Buba, suka tafi.

Bayan azahar Hajiya ta dawo ta karanta kwafin.

"Wa ya kawo ta?"

"Ɗanta, ranki ya daɗe."

"Na fari?"

Na ce e.

"Yana ina sanda kika tambayi al'adarta?"

"Yana tsaye a kanta."

"Bafulatanar da ko sunan ɗan farinta ba ta kamawa, ita za ta yi zancen jini a gabansa? In ta taka ƙofar wancan asibitin, ko an sallame ta yau, a ruga sunanta mahaukaciya har ta koma ga Allah. Tashi ki nemo su."

Na hau acaɓa ina ta addu'ar kada su sami mota. Allah ya taimake ni ranar kasuwar Maigatari ce, duk motar da ta zo a cike take wucewa. Na same su a bakin titi, a gindin darbejiya. Na roƙi Buba ya ba mu wuri.

Sai da ya yi nisa ta buɗe baki. Wata takwas rabonta da jini. Ta ɗauka kwantaccen ciki ne, ga ta da jikoki, kunya ta hana ta gaya wa kowa.

Na dawo da ita, Hajiya ta gwada, babu ciki. Ta zaunar da ita ta yi mata bayanin da ni ma ranar ya shige ni. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli mai aika sinadari zuwa ga ƙwan mace, su kuma su maido da nasu. In shekaru suka ja, ƙwan su daina amsawa, al'ada ta ɗauke, ƙwaƙwalwa ta yi ta kira kamar mai sallama a gidan da aka tashi. Daga nan zafin yake, da rashin barci da mantuwa. Sinadarin maza a hankali yake raguwa, shi ya sa ba su san abin ba. Ta rubuta mata takardar ganin likitan mata a Gumel, ta yaga tawa.

Inna Hajjo ta dube mu ta ce, "To, ku gaya wa yaron nan su maido mini da jikokina."

Ku da kuke fara aikin nan, ku sani matan yankinmu ba sa ƙin amsa tambaya haka kawai. Ni dai tun daga ranar, kafin in ɗauki biro sai na duba wa ke tsaye a ɗakin.