Mayen da Iya Ta Gani a Jikin Zanen Gado

A unguwarmu ta Utaibiyya, a garin ɗakin Allah, can saman dutse inda mota ba ta hawa, babu ƙofar da ke cika da yara bayan sallar isha'i kamar tamu. Ɗaki ɗaya ne na kwano da katako, ni da kakata Iya. Uwata ta rasu ina goye, ubana yana dako a bakin ruwa a Jidda, sai a yi watanni ban sa shi a ido ba. Iya a ƙafa ta taso daga Kano, ta bi ta Sudan, ta sauke farali ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba Larabci sai na ciniki. Gyaɗa take soyawa ta sayar. Da ta hura gawayi ta ɗora kasko da yashi, ƙanshi ke kiran yaran maƙwabta, tatsuniya kuma ta zaunar da su.

"Ga ta nan ta iso a gajiye," in ji Iya.

Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji ta!"

Labarin da muka fi so ba daga Kano ta zo da shi ba. Wata shekara an ɗauke ta wankau a gidan wani attajiri a Jidda. Da yamma ta ga an rataya farin zanen gadon da ta wanke a bangon tsakar gida, aka kunna na'ura, sai ga mutane suna yawo a jikinsa. Silima ke nan. Ta leƙa ta tagar madafa ta kalla har ƙarshe, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta dawo mana da labarin mayen Turawa.

"Ku ji mini maye, jama'a! Namu na gida kallo ɗaya zai yi maka ya kama kurwa, ya wuce abinsa. Wannan sai ya yafa baƙar alkyabba, ya shafe kai da mai kamar ango, ya bi dare yana cizon wuyan mutane kamar sauro. Da rana kuma ya shige akwati ya rufe. Ragon banza!"

Sai ta cusa gyaɗa biyu a ƙarƙashin leɓe su zama fiƙoƙi, ta ɗaga mayafi da hannu biyu. Mu yi ta ihu muna faɗawa kan juna. Ta ce in ya rikiɗa ya zama jemage, da idonta ta ga zaren da ake jan sa da shi. Jininsa kuwa tumatirin gwangwani ne, ko makaho ya gane. Ba ya fitowa a madubi, shi ya sa bai san muninsa ba. Tafarnuwa kawai za a nuna masa ya ruga. "Wanda ke gudun tafarnuwa, ina zai kai kansa in ya ji daddawa?" Sannan yana da wata doka: duk ƙarfinsa, ba ya shiga gida sai an ce masa ya shigo. A ƙarshe aka kafa masa turke a ƙirji, daidai inda ta yi wa zanen faci. "Ƙurunƙus kan jemage mai zare. Yalla, kowa gidansu."

Ana haka zazzaɓi ya kama Zulai, ƙawata, 'yar maƙwabciyarmu Asabe. Jikinta ya yi zafi har ta fita hayyacinta, tana sambatu tana cewa, "Iya, haƙora! Iya za ta cije ni!" A wurin mutanenmu kuwa, marar lafiya in ya ambaci suna cikin sambatu, to ya faɗi wanda ya kama kurwarsa. Babu wanda ya tuna da gyaɗa biyu a ƙarƙashin leɓe.

Da hantsi Asabe ta zo da mata a bayanta, ido jawur. "Iya, don darajar ɗakin Allah ki zo ki tsallake ta, ki sakar mini 'yata."

Wa Iya za ta kai wa ƙara? Ɗan sanda takarda zai fara tambaya. Ta ɗauki mayafinta, ta ce mini a hankali, "In na ƙi ta mutu, na cinye ta. In na tsallake ta warke, na sake ta. Allah dai ya ba yarinyar lafiya." Ta je ta tsallake Zulai a gaban kowa. Zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓi ke sauka. Shi ke nan magana ta tabbata.

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Yara dai suka daina zuwa. In ta yi sallama a ƙofar wani, sai ta ji hira ta ɗauke, ta tsaya ta tsaya, ta juyo. Su ne kaɗai masu jin yarenta a duk faɗin garin. Ni ma Zulai in ta hango ni sai ta sake hanya, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Wata yamma muna zaune mu biyu, na ce ta ba ni labarin mayen ko za ta yi dariya. Ta juya gyaɗa, ta juya, sannan ta ce, "Akwai wurin da ban taɓa gaya muku ba. An nuna shi tsaye a bayan taga, mutane a ciki suna cin abinci suna raha. Ya daɗe a nan. Mutanen gidan attajirin suna ta dariyar haƙoransa. Ni ban yi ba. Ni ma a taga nake."

Har ta rasu, kullum bayan isha'i sai ta ƙara gyaɗa a kasko fiye da cinmu, ta bar ƙofa a buɗe, ta ɗaga murya wajen lungu: "Ku shigo mana, ta soyu." Ni kaɗai nake amsawa.

Yanzu jikokina na kallon irin waɗannan finafinai, suna nuna mini zaren jemage suna ƙyalƙyala dariya, ni ma ina taya su. Da ina ƙarama na ɗauka darasin shi ne kada ka buɗe wa maye ƙofa. Sai da na girma na ga wa dokar nan ta jira sai an ce ka shigo ta fi ci. In an zo wurin da yake tsaye a waje yana jira, tashi nake na ce zan duba tukunya. 'Ya'yana suna tsokanata wai ko maye ne ya yi sallama zan karɓe shi. Gaskiyarsu. Ba na bari mai sallama ya kai ƙarshenta kafin na ce ya shigo.