Malam Bilya, Wanda Aka Goge Sunansa Daga Darussansa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2023, ana tsakiyar zafin Garwa, Allah Ya karɓi ran Malam Bilya Ilyasu a gidansu da ke unguwar Poumpoumré, bayan doguwar jinya. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ni Kaltumi, ɗaya daga cikin ɗalibansa, na ɗauki alƙalami ne domin abin da na ji ana faɗa a wurin zaman makoki ba shi ne abin da ya faru ba.

Malam, na fara saninka a shekarar 2013, a ɗakin da ke bayan shagon atamfar mahaifinka. Buga takardu na zo koyo. Sai na tarar da tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka zubar ka tsinto, kowacce da baƙin allo, farin rubutu yana gudu a kai. Na tambaye ka mene ne wannan. Ka ce shi ne abin da ake kira noyau da Faransanci, kai kuma ka raɗa masa ƙwallo, irin na cikin mangwaro. Shi ne ke can ciki, yana raba wa kowace manhaja lokacinta da wurinta, yana magana da allo da madannai a madadinsu. Ka ce ƙwallon Linux, tsarin da ke tafiyar da waɗannan kwamfutocin, a buɗe yake, kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya aika da gyaransa. "Matsalar dai," in ji ka, "littattafan koyonsa da Ingilishi suke, kuma an rubuta su ne don wanda ya riga ya sani."

Saboda haka ka zauna ka rubuta naka, ka sa musu suna Matakin Farko, Hausa a gefe guda, Faransanci a ɗayan, ka ɗora su a intanet kyauta. Ba ka fara da manyan bayanai ba. Ka fara da yadda mutum zai sauke ƙwallon alhali layin yana yankewa, da yadda zai gina shi a tsohuwar kwamfuta ba tare da ɗaukewar wuta ta mai da shi farko ba. Ka koya mana mu riƙa lalata shi a cikin kwamfutar gwaji, don kada mu ji tsoron kuskure. Ƙaramin shirin farko da kowane ɗalibi yake rubutawa kalma biyu kawai yake fitarwa: "Sannu Aminatu," sunan 'yarka. A saman kowane shafi kuma sharaɗi ɗaya ka rubuta: kowa ya kwafa, ya raba, ya ƙara, amma a bar sunan wanda ya rubuta.

Ba zan manta ranar da na aika facina na farko ba, wato ɗan gyaran da ake tura wa masu kula da ƙwallon. Amsa ta dawo gajeruwa, babu ko gaisuwa, an ƙi karɓa. Na kifa kai ina kuka. Ka fita ka sayo mini kosam mai sanyi, wato kindirmo, ka ajiye a gabana, ka ce, "Kaltumi, wani a wata ƙasa ya zauna ya karanta aikinki. Shanye, ki gyara, ki sake aikawa." A karo na gaba aka karɓa. Ka bi shagunan layin kana faɗa wa mutanen da ba su ma san abin da kake nufi ba.

Sai shekarar 2015 ta zo. Bama-bamai suka tashi a Marwa, kowa ya koma kallon maƙwabcinsa da gefen ido. Mutanen Kolofata da suka gudo daga bakin iyakar Najeriya suka cika gari, cikinsu har da samari da 'yan matan da aka rufe makarantunsu. Ka buɗe musu ƙofar ɗakinka. Ba a jima ba magana ta fara yawo a unguwa: wai baƙi daga bakin iyaka suna taruwa a bayan shago, wai ana koya musu rubutun sirri a baƙin allo. Wata safiya masu kaki suka zo, suka kwashe kwamfutocin, suka tafi da kai.

Akwai mutum ɗaya da kalmarsa za ta iya fitar da kai: Hamadu, ɗan ƙanen mahaifinka, wanda ya fi mu duka ƙwarewa, wanda kai ka riƙe hannunsa ka ɗora a kan madannai. An kira shi ya bayyana abin da ke cikin kwamfutocin. Ya ce, "Ni ma ban san abin da yake rubutawa ba." Édouard, ɗalibinka ɗan garin Guider, shi ya kai kansa ba a kira shi ba, ya tsaya yana bayani da Faransanci har aka mare shi aka koro shi waje.

Bayan watanni aka sake ka, ba a tuhume ka da komai ba, ba a kuma ce maka yi haƙuri ba. Ka dawo yatsun hannunka na dama sun karye sun ɗinke a karkace, na hagu yana rawa. Kwamfutocin ba su dawo ba. Iyayen da suke turo maka 'ya'yansu suka koma tsallaka titi in sun hango ka. A masallaci akan bar gurbi tsakaninka da na kusa da kai. Aminatu ta dawo daga makaranta tana tambayar me ya sa ake ce mata 'yar mai bam.

Duk da haka ba ka daina ba. Kana faɗa, ni da Édouard muna bugawa. A haka ka ƙarasa darussa mafi wuya, na yadda ƙwallo ke raba ma'adanar bayanai da yadda ake rubuta direban na'ura, wato shirin da ke sa ta aiki. Wani lokaci ka manta, ka kai hannu za ka gyara mana layi, sai yatsun su ƙi, ka janye su cikin riga ka ci gaba da magana.

Muna cikin haka labari ya zo daga Yawunde cewa Hamadu ya buɗe makaranta da babban shafi a intanet. Muka duba. Darussanka ne tun daga farko har ƙarshe, har da waɗanda ka faɗa mana da baki. An goge sunanka, an sa nasa. Inda ka rubuta "Sannu Aminatu," an sa sunan ɗansa. Ana gayyatarsa taro ana gabatar da shi a matsayin wanda ya fara koyar da wannan ilmi da Hausa. Da Édouard ya fito fili ya ƙalubalance shi, amsar da ya rubuta a gaban duniya ita ce, ya cire sunan ne don kare ɗalibai, tun da sunan mutumin da aka taɓa tsarewa bisa zargi ne. Ni na karanta maka wannan amsa, domin ka matsa sai na karanta.

Muka ce za mu kai ƙara a rufe shafin, doka tana gefenmu. Ka tambaya, "Yara suna karantawa a can?" Muka ce da yawa, har daga Nijar da Chadi. Ka ce, "To ku bar shi. Amma akwai kuskure a darasin ma'adana, nawa ne, ya kwafe har da shi. Ku aika masa da gyaran, kada yara su koyi ba daidai ba." Muka aika. Ya karɓi gyaran ya saka, bai amsa ko da kalma ɗaya ba. Tun daga lokacin jikinka bai sake yin ƙwari ba, kuma duk tsawon jinyarka bai leƙo ba.

Amma ya zo zaman makoki. Ya zo da mota da farar shadda, ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa, yana cewa shi ya riƙe ka a shekarun wahala. Waɗanda suke tsallaka titi suna gyaɗa kai suna cewa ai ba a yi mutumin kirki kamarka ba. Hamadu ya sa aka shigar da buhun shinkafa cikin gida. Matarka Mairamu ta sa aka fito da shi, ta yi magana daga bayan labule yadda kowa zai ji: "A ce masa ba shinkafa ya ɗauka a gidan nan ba. Ya dawo da sunan." Ya tashi ya tafi kafin a shafa addu'a. Na duba shafin yau da safe, sunan bai dawo ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam Bilya. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya sa ilmin da ka bari ya riƙa iske ka da lada, domin Shi ba a ɓoye Masa wanda ya rubuta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mairamu da Aminatu, da dangi baki ɗaya, da ɗan'uwana Édouard. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga ɗaliban nan ne masu yawa, na kusa da na nesa, da suke zaune yanzu gaban allo suna koyo daga bakinka. Malaminku ya rasu ranar Talata, ba wanda ya gaya muku. Sunansa Bilya Ilyasu. Ku sa shi a addu'a.