Ƙotar Bindigar Surukina

Surukina ɗan mafarauci ne. Aikin rediyo ya kawo shi Amurka, ya yi shekaru yana shiga jirgin ƙasa daga Greenbelt zuwa ofis, amma jinin farauta bai bar shi ba. Duk shekara idan sanyi ya kama aka buɗe lokacin harbin barewa, sai ya ɗauki bindigarsa ya nufi wata gona a yammacin Maryland. Harsashi ɗaya yake saki, da bisimilla. Naman kuwa har Silver Spring ake rabonsa, gida-gida, kowa da ƙullinsa. Da wannan aka san shi, ba da muryarsa ta rediyo ba.

Bindigar tsohuwa ce mai ƙotar katako. Shi da kansa ya kankare wurin da kumatunsa ke sauka, har wurin ya yi santsi kamar bakin muciya.

Ni kuma injiniya ne, kuma ina da wani mugun hali: ba na iya ganin tsohon abu in ƙyale shi. Da na ji matata tana cewa kafaɗar Baba na damunsa, duk harbi sai ya kwana biyu yana shafa magani, sai na hau intanet. Na ci karo da irin ƙotar nan da wasu kamfanoni ke yi, ta roba da ƙarfe, wadda ake cire ta asali a ɗora ta. Tana da sauƙin ɗauka, ana ƙara mata tsawo a rage, ga wani matashin roba a gindi da ke tare dukan kafaɗa. A ƙasan tallar akwai masu ƙorafin cewa ba ta zama daidai a kan tsofaffin bindigogi, noti na saki bayan 'yan harbe-harbe. Na karanta wannan da idona. Na ce ai waɗannan ba su iya ɗaurawa ba ne.

Na karɓi bindigar da sunan zan goge masa, na dawo da ita da sabuwar ƙota. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗora a kafaɗa. Na ga yana neman wurin kumatunsa bai samu ba. Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya yi albarka, Injiniya ya sha ɗawainiya. Suruki ba ya kushe kyautar mijin 'yarsa, ni kuwa sarkin wauta na ɗauka murna ce.

Mun je filin gwaji, ya harba uku, duk sun shiga. Ya so ya ƙara, na ce Baba mu tafi kada cunkoson mota ya rutsa da mu. Wallahi har yau ina jin haushin wannan gaggawar.

Ranar farauta ni na raka shi. Hantsi bai gama ɗagawa ba wata barewa ta fito bakin gona ta tsaya, kusa ƙwarai, wurin da ko da ido ɗaya ba zai kuskure ba. Na ji bisimillarsa, ya ja kunama. Maimakon ta faɗi sai ta yi tsalle, ta ja ƙafar baya ta shige daji. Muka bi jini. Tun yana ɗiga da yawa har ya koma ɗigo ɗaya nan, ɗaya can, a kan busasshen ganye. Muka yi azahar a dajin, muka yi la'asar. Tsoho mai ciwon kafaɗa yana rarrafe cikin ƙaya, ya ƙi zama. Ba mu same ta ba.

A mota, da muka kusa gida, ya ce:

"Na ji wa dabba ciwo na bar ta ta mutu mushe. Mahaifina bai taɓa yi ba. Ido ya tafi, Injiniya. Riƙe bindigar a wurinka."

Washegari da na zo goge ta, sai na ji ƙarfen yana motsi a cikin ƙotar. Kaɗan ne, amma yana motsi. Na kai wa wani mai gyaran bindiga, ya duba, ya ce wannan ƙotar ba ta zauna ba tun farko, girgizar mota ma ta isa ta sa saiti ya kauce, ko wane ne ya harba abin da zai faru ke nan.

To me ya hana ni zuwa Greenbelt ran nan? Na gaya wa kaina kunyar suruki ce. Ƙarya nake yi. Girman kai ne, ba na so mai sunan Injiniya ya durƙusa ya ce shi ya ɓata. Matata ta ce in je in faɗa masa, na daka mata tsawa, na ce sai ya huce. Da ya huce na ce sai bayan azumi. Haka na yi ta ja.

Sanyi ya sake zagayowa, ba nama. A masallaci mutane na tsokanarsa, Alhaji ina rabonmu, sai ya yi murmushi ya nuna idonsa. Likita ya auna shi ya ce idon lafiya lau, bai yarda ba. Ya daina tuƙi da yamma. Ya sayi Alƙur'ani mai manyan baƙi. Ina ganin duk wannan, ina gaishe shi, ina cin tuwon gidansa.

Sai da aka shekara biyu sannan na iya. Na ciro tsohuwar ƙotar daga bayan kabad, na kai aka mayar, aka gwada, ta dawo kamar da. Na same shi a falo bayan sallar Juma'a, na miƙa masa bindigar, na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai, har ƙorafin da na karanta na share.

Ya daɗe yana shafa katakon. Ya tabbatar ba harsashi, ya miƙe ya ɗora ta a kafaɗa. Kumatunsa ya sauka daidai wurinsa. Amma hannun hagun ya ƙi tsayawa, bakin bindigar sai rawa yake yi. Ya gwada sau biyu, sannan ya sauke.

"Shekara biyu ina zargin idon da Allah ya ba ni," in ji shi. "Da ka faɗa a lokacin, da hannun nan da sauransa."

Bai yi faɗa ba, na so a ce ya yi. Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe, ya kira 'yarsa ta kawo mini abinci. Da zan tafi ya miƙo mini bindigar ya ce in koma da ita, shi ba shi da abin da zai yi da ita yanzu.